Ranar da tukunyar gaz ta faɗi

Ni makaniki ne. Gida ɗaya muke haya da Abdulaye a unguwar Dar es Salam ta Yamai, ɗakina na kallon nasa. Mutumin Tawa ne, direban kamyo, babbar mota, yana kai kaya Agadas. Kafin korona, in ya kwana biyu a gida cikin wata to ya daɗe. Zai zo da albasa da dabino, ya yi barci, ya koma.

Yana da 'ya ɗaya, Fa'iza, lokacin ta kusa shekara huɗu. 'Yar fari ce, kuma Abdulaye mutumin da ne: ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta gaban mutane. Sai dai ya ce wa matarsa, "Habsatu, ba yarinyar nan alawa." Yarinyar ma ba ta kula shi, mu maƙwabta muka ce kunya ce.

Da aka rufe Yamai saboda korona, ba shiga ba fita, sai ga Abdulaye a tsakar gida wuni guda, ya rasa abin yi. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Wata rana da hantsi ya ɗauko tukunyar gaz, ta suɓuce masa a kan siminti. Ƙarar ta sa na zubar da shayina, kaji suka watse, jaririn maƙwabta ya fasa ihu.

Fa'iza na zaune a bakin ƙofa, ta ba mu baya, tana jera marafan kwalba. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Abdulaye ya tsaya. Ya je bayanta ya tafa hannu. Ya ɗauko faranti ya buga da ludayi dab da kanta. Shiru.

"Habsatu! Zo ki gani!"

Matarsa ta fito da kumfar sabulu a hannu. "Yau ka sani, maigida? Tun zazzaɓin bara na faɗa maka a waya. Ka ce kana tuƙi, in ka dawo a yi magana."

"Ai na dawo!"

"Ka dawo ka yi barci."

Ya juyo gare ni. "Kai ma, Tanimu? Kullum kana gidan nan!"

Ina gane ciwon inji daga nesa, amma yarinyar da ke wasa a ƙofata ban lura ba.

Ni na kai su wajen likita washegari. Ya duba, ya ce zazzaɓin ya riga ya kashe kunne ɗaya, ɗayan saura kaɗan. Abdulaye ya zauna a ƙasa cikin mutane, takunkumi a haɓa.

Da aka buɗe hanya, mai kamyo ya yi ta kira. Abdulaye ya kai masa makulli. Yanzu tsohuwar taksi yake ja, kullum tana garejina. Da safe fasinjarsa ta farko Fa'iza ce, zuwa makarantar kurame. Yana koyon maganar hannu, amma hannunsa ya yi tauri. In ya yi kuskure, sai ta kama yatsunsa ta gyara.