Igiyar da na gajarta a kwatar Jega

Ni manomin albasa ne daga Kashin Zama, ruwan da na sani shi ne na rijiyar fadama. Wata damina da hanya ta lalace, na kai albasar da na ajiye tun rani bakin gulbi a Jega, na yi ciniki da wani mai jirgi zai gangara da ita ƙasa. Jirgin katako ne babba, ba shi da inji. In iska ta taso, sai a ɗaga wani ƙaton ƙyalle da aka ɗinka da buhunan taki a kan sanda, iskar ta yi ta tura shi. Kaya ba su cika ba, don haka muka zauna a kwata muna jira, ni ma ina kwana cikin jirgin kusa da buhunana.

Mu uku ne: ni, da mai jirgin, da mahaifinsa. Tsohon ƙafafunsa sun mutu, amma ya ƙi zaman gida. A ƙarƙashin rumfar jirgin yake ci, yake salla, yake gasa kifi a ɗan murhun ƙasa. Kullum suna cikin gardama da ɗan nasa.

"Baba, in wani abu ya sake faruwa, tudu zan kai ka. Na faɗa maka."

"Kai ni mana. Wa za ya nuna maka hanya, wanga mai albasa?"

Ranar kasuwa mai jirgin ya shiga gari neman kwalta ta toshe ɓaraka. Tsoho ya kishingiɗa, barci ya ɗauke shi. Ni kuwa tun zuwana igiyar jirgin ke damuna. An bar ta doguwa, jirgin ya yi nan ya yi can, ya bugi gaɓa ya dawo, har kaina na juyawa. A garinmu wanda ya ɗaure san noma haka sakarai ne. Na sauka, na jawo jirgin dab da gaɓa, na naɗe igiyar a gindin turke, na yi mata ƙulli irin na bajimi. Jirgi ya tsaya cak, na ji daɗi.

A Jega rana ake yi tarwai, ashe an kwana ana ruwa can saman gulbin. Gulbi ya fara yin ja, yana tahowa da kara da ciyawa. Ban kula ba sai da na ga garwashin murhu yana gangarowa gaba. Ruwa ya shanye turken, jirgin na son tashi tare da ruwan, igiyar ta riƙe goshinsa ƙasa. Na ga ruwa na lasar bakin katako.

"Baba, tashi."

Ya buɗe ido, ya dubi goshin jirgin, ya dube ni.

"Wa ya taɓa igiyag ga?"

"Ni ne."

"Kwance ta."

Na tura hannu cikin ruwa har kafaɗa. Ƙullin ya yi tauri kamar dutse. Ruwa ya fara zubowa kan buhunan gaba. Tudu na kusa, ni zan iya tsallakawa, shi ba zai iya ba, kuma ban yarda zan iya ɗaukarsa a wannan santsi ba.

"Ga wuƙa nan inda nike gyaran kifi. Yanke."

"Baba, ban iya ruwa ba. In ya tafi da mu fa?"

"Ai tahiya ta hi nutsewa. Yanke, ɗana."

Na yanke. Goshin jirgin ya yi sama, na faɗi kan buhuna, gulbi ya ja mu. Tsoho ya ja jiki da hannuwa har bayan jirgin, ya danna filafilin tuƙi cikin ruwa ya tokare shi da ƙirji. Ya ce in ja igiyar ƙyallen nan. Na ja har tafin hannuna ya saluɓe. Iska ta cika buhunan takin, jirgin ya karkata, a hankali ya bar tsakiyar ruwa ya cusa kai cikin ciyawar ɗaya gaɓar. Tsoho na haki yana dariya.

"Mai albasa, jirgi ba sa ba ne."

Bayan la'asar ɗansa ya iso a kwalekwalen aro. Kafin ya yi tambaya na gaya masa ni na gajarta igiyar, Baba na barci. Na ce kada ya ɗora wa tsoho, shi ya fitar da mu.

"Na ji," in ji shi. "Amma da jirgin ya kife, kai ka tsallake, shi fa?"

Ya durƙusa ya goya mahaifinsa. Tsoho ya nemi a miƙo masa filafilinsa, aka miƙa masa.

Gidan ƙanwar mai jirgin aka kai shi, can cikin gari inda ba a ganin gulbi. Duk kakar albasa nakan kai masa buhu. Nakan same shi a zaure, filafilin na jingine a bango. Bai taɓa tayar mini da maganar igiya ba. Abin da yake fara tambayata shi ne ko na biyo ta gadar gulbi, ruwan ya kai ina.