Ƙauyukan Hayin Rafi

Ina ɗalibi a College Park ta Amurka a shekarun tamanin, na ci karo da tsohuwar taswirar gundumarmu ta zamanin Turawa a laburare. Na duba hayin rafi, fili fetal, babu ƙauyenmu.

Sai na tuna kakana. In ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, yakan zana gundumar da bakin sandarsa, ya sa ni jero ƙauyukan da waɗanda suka kafa su. Ranar da na ƙosa, ya kama kunnena ya ce, "Da damina Baturen da ya zana taswira ya zo, ya tarar rafi ya cika, ya juya. In ka manta mu, wa zai tuna?"

Ban manta ko ɗaya ba, Kaka. Ranar kiran 'yan Aljanna, Allah ya sa kada a tsallake sunanka.