Shekarar da Aka Danƙa Mini Injin Sussuka

Shekarar da ƙungiyar manoman ƙauyenmu, can wajen Unguwar Gai, ta sayi injin sussuka, ni aka zaɓa in kula da yadda zai zagaya gonaki. Ina koyarwa a firamare a Rano lokacin, kullum in je in dawo a babur. Dattawa suka ce tunda na iya rubutu, ba kuma ni da abokin faɗa, ni na dace. Na karɓa ban ko yi jim ba, don a raina abin bai wuce takarda da biro ba.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla na miƙe na yi sanarwa: duk mai son inji ya zo ya ba da sunansa, wanda ya riga zuwa shi za a fara yi wa. Kafin magariba na cika shafi biyu.

Mai tayar da injin wani dattijo ne da ya daɗe yana gyaran injinan ban ruwa. Ya sa na karanta masa sunayen, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, na farko gonarsa tana gabas, na biyu tasa tana bayan rafi. Da ka bari mun bi shiyya-shiyya."

Na ce, "Baba, adalci shi ne a bi layi. In na taɓa shi za a ce na yi son kai."

Ya je ya ɗaura wa shanu amalanke.

Kwana huɗu injin nan yana bisa amalanke fiye da yadda yake a masussuka. A sauke shi a gabas da hantsi, a yi aikin awa ɗaya, a sake ɗora shi a nufi yamma. Shanun suka gaji, mutane suka fara gunaguni. Ni kuwa in na dawo daga makaranta sai in zaro takardata in nuna wa mai ƙorafi inda sunansa yake.

A rana ta biyar na tarar da wata tsohuwa zaune a ƙofar gidanmu. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta suna Kano, ita ke fama da 'yar gonarta. Muka gaisa, ta ce dawarta tana zube a ƙasa tun makon jiya, gara ta shiga ta ƙasa, awaki suna ci ta sama. Na duba takarda, babu sunanta.

Na ce, "Inna, ai ba ki zo kin rubuta ba."

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, a ina ka yi sanarwar?"

"A masallaci."

"To, ni ka taɓa ganina a sahun maza?"

Na sake bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, na ga babu mace ko guda, alhali na san gidaje da dama da mata ke riƙe da gona. Layin da nake taƙama da shi na waɗanda suka ji maganata ne kawai.

Daga nan gidan mai injin na wuce. Na durƙusa na ce masa na yi kuskure, ya gaya mini yadda zai yi in shi ne. Ya ɗauki tsinke ya zana mini garin a ƙasa, ya raba shi huɗu, ya nuna inda za a kafa injin a kowace shiyya, mutane su kawo dammansu. Ashe tun ranar farko yana da wannan tsari a kansa, ni ne ban tambaya ba.

Washegari bayan la'asar na tara mutane a gindin tsamiya. Na faɗa a fili cewa tsarin da na kawo bai yi ba, laifin nawa ne, ba na mai inji ba. Na ce za a koma shiyya-shiyya, a kowace shiyya kuma a fara da tsofaffi da matan da ba su da mai taya su. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Sai a fara da shiyyarku ke nan!"

Na ce, "Tamu ce ta ƙarshe."

Baffana, yayan mahaifina, yana zaune a gaba, kuma a tsohon layi shi ne na gobe. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Da na je gaishe shi da safe ya ce, "Yanzu kai ne za ka mayar da ni baya a gaban jama'a?" Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. In na fara da gida, ba wanda zai ƙara yarda da maganata." Ya juya mini baya. Mako guda ina zuwa gaisuwa yana amsawa da ka, ban fasa zuwa ba, ban kuma canja tsarin ba. Da yamma nakan je gonarsa in ɗaga masa dammuna bisa itace don kada gara ta taɓa.

Aikin kuwa ya kankama. Abin da muka yi a kwana huɗu sai ga shi ana yi a wuni guda. Dawar tsohuwar nan ta ragu, amma ta samu abin sawa a rumbu. Da aka iso shiyyarmu, Baffa da kansa ya tsaya a bakin injin yana tsawata wa masu son tsallake layi.

Shekara uku na riƙe wannan aiki. Daga baya aka ba ni shugabancin wata makaranta a Kibiya, kuma a makon farko ban kafa doka ko ɗaya ba. Na zauna da maigadi, da mai shara, da malamar da ta fi kowa daɗewa, na ce kowa ya faɗa mini abin da ya gani yana lalacewa. Maigadin ne ya nuna mini cewa rufin aji uku ba zai kai damina ba, da gyaran rufin muka fara.