Tawadar Hedimasta a Yatsun 'Yan Aji Shida

Na yi shekaru ina riƙe da alli, abubuwa da yawa sun faru na manta su, amma akwai wani mako da ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa ba na jin zai bar raina. Shi ne makon da aka kusa korata daga aiki a kan tawada.

Lokacin sojoji sun yi alkawarin komawa bariki. Gari ya cika da fastoci da motocin lasifika, amma mutanen cikin birni da gefen ido suke kallon abin, don an sha yi musu irin wannan alkawarin, har zaɓen an taɓa yi aka soke. Ni kuwa ina koyar da ilimin zamantakewa a wata firamare da ke bayan Madabo, in ka nufi Ƙofar Ruwa. Ajina, aji shida, babu irin wanda babu: 'ya'yan malamai da 'yan kasuwar unguwa, 'ya'yan Fulanin da suka ajiye sanda suka zauna, Nufawa, Barebari, Yarabawa, har da 'ya'yan Buzaye masu gadi. Kullum aka fita tara sai na raba faɗa, kuma kusan duk faɗan daga kalma ɗaya yake tashi, wani ya ce wa wani baƙo.

Wata rana na tambaye su, “Wa yake naɗa gwamna?” Suka haɗa baki suka ce, “Soja.” Na ce, “To monita fa?” Suka ce, “Malama.” Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Yaran nan tun da suka yi wayo ba su taɓa ganin an tambayi mutane wa suke so ba. Ni kuma Allah ya yi ni da zafin kai, in abu ya shiga raina sai na aikata. Nan take na ce musu bana ba zan naɗa monita ba, su za su zaɓa, kuma kowa ƙuri'arsa ɗaya, ko a ina kakansa ya fito.

Mutum uku suka tsaya. Ɗan wani Alhaji mai sayar da yadi, wanda gidansu ya fi kowane gida daɗewa a unguwar, ya ɗauki alamar fitila. Wani yaro Bafulatani ya ɗauki ƙwarya. Sai wata yarinya mai sanyin hali, 'yar wani tela Bayarabe, ta ɗauki mafici. Na yayyanka takardu na zana alamomin uku a kowace, na samo kwalin sabulu na huda samansa, na aro 'yar tawadar da hedimasta yake buga hatimi da ita. Na maimaita musu har suka haddace cewa ƙuri'a sirri ce, ba mai ikon tambayarka wa ka zaɓa, ko ni kaina. Ɗaya bayan ɗaya suka zagaya bayan ƙofa suna dangwalawa, suna fitowa suna nuna wa juna babban yatsa shuɗi, murna kamar ranar salla. Kafin mu ƙirga aka kaɗa ƙararrawar tashi. Na liƙe kwalin na ajiye a ofishin hedimasta, na tafi gida ina jin na yi abin kirki.

Washegari ko rabin aji bai zo ba.

Ina tsaye ina mamaki sai ga wata tsohuwa ta shigo tana jan jikanta. Ta ɗaga min yatsansa, ya yi ja saboda dirza da toka da lemon tsami. Ba ta ko amsa gaisuwata ba ta ce, “Malama, takardar mece ce kika sa jikana ya dangwala wa hannu?” Na fara yi mata bayani, ta katse ni. Ta ce mijinta marigayi ma haka aka ce masa, ba komai ba ne, ya sa hannu kawai, da wannan dangwalen gonarsu ta bayan ganuwa ta tafi har yau. A lokacin haushinta na ji. Yanzu da na manyanta na gane cewa a wurin mutanen nan ba a shafa wa yatsa tawada sai za a sayar da gida ko za a shiga kotu, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Kafin azahar magana ta zagaye lunguna. Wai 'yan siyasa sun ba ni ƙuri'u na gaske, na sa yara sun dangwale, za a zuba a akwati ranar zaɓe. Abin da ya ƙara wa wutar fetur, ƙanin mijina yana yawon liƙa fastar wani ɗan takara, kowa ya san shi da bokitin kokon da yake liƙa fastar da shi. Biri ya yi kama da mutum. Malaman da muke cin ƙosai tare kullum, ina shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu.

Hedimasta ya kira ni. Mutum ne mai tsoron rigima, na tarar ya tura kwalin can ƙarƙashin teburi da ƙafa, ko taɓa shi ba ya son yi. Ya dube ni ya ce, “Malama, tsakaninki da Allah, wa ya aiko ki?” Wallahi wannan tambayar ta fi komai yi min ciwo. Ya ce Alhaji mai yadi ya rantse zai kai ƙara ofishin ilimi, kuma a irin wannan lokaci duk malamin da aka ce ya shigo da siyasa aji, korarsa za a yi kafin a saurari bakinsa. Sai ya rage murya ya ce mu kai kwalin bayan aji mu cinna masa ashana, a wuce wurin.

Na ce, “Ranka ya daɗe, in aka ƙone shi, har in mutu ni ce matar da ta saci yatsun 'ya'yan mutane. A tara su, a buɗe a gabansu.”

Aka sa rana, aka taru a gindin darbejiyar makaranta. Mai unguwa ya zo, dattijo mai ƙarancin magana. Iyaye maza suka cika benci, tsofaffin mata suka zauna gefe a tabarma. Ranar ba yaron da ya yi fashi, duk suna leƙe ta taga. Alhaji mai yadi ne ya miƙe, ya gyara babbar riga ya ce shi ba dogon zance ya kawo shi ba, a ba kowa takardar ɗansa ya tafi da ita.

Na ce, “Alhaji, ban san wacce ce ta wane ba. Babu suna a jiki.”

Wuri ya kaure da surutu. Wani ya ce, “Kun ji ko? An ɓoye sunayen.” Bakin nan nawa dai bai mutu ba. Na ɗauko kwalin na dire a gaban Alhaji na ce, “Tunda hannuna ake zargi, kai ka buɗe da naka.”

Ya yage shi, ya zaro takarda ɗaya. Fallen littafin rubutu ne, da zanen fitila da ƙwarya da mafici, zanen ma irin nawa, fitilar kamar kwalbar manja. Ya juya bayanta, ya ɗaga ta saitin rana, ya zaro wata. Wani daga baya ya ce, “Wace jam'iyya ce mai mafici?” Aka ɗan yi dariya. Na samu na yi bayanin zaɓen monita. Da Alhaji ya ji ɗansa ne mai fitila sai ya gyara zama, ya ce ai sai a ƙirga a gani, ya shiga ware takardun da kansa a kan teburi. Ina kallon fuskarsa tana sauyawa, don tarin mafici sai tudu yake yi, ya bar sauran a baya nesa.

Ya ce, “Mafici na waye?” Na faɗa masa. Telan yana zaune a ƙarshen benci, ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Alhaji ya buga teburi ya ce, “Ai ga maguɗin nan a fili. 'Ya'yan unguwa sun fi yawa a ajin nan, ta yaya za su bar nasu su zaɓi baƙuwa? Matar nan ta cusa takardu. Ƙarar nan sai na kai ta.” Ya sa aka fito da yaran suka yi layi, ya ce duk wanda ya zaɓi mafici ya ɗaga hannu.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. In ba su ɗaga ba, na zama maƙaryaciya, aikina ya tafi. In sun ɗaga, na san waɗansu za su sha bulala a gida. Ba hannun da ya tashi. Alhaji ya juya wurin jama'a yana murmushi ya ce, “To kun gani.”

Sai mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, “Masu fitila fa, su ɗaga mu gani.” Ba hannu ko ɗaya. “Masu ƙwarya?” Nan ma ba wanda ya motsa. Alhaji ya kira ɗansa da tsawa ya ce, “Kai, kai ma ba ka zaɓi kanka ba? Wa ka zaɓa?” Yaron, idonsa a ƙasa, ya ce, “Baba, ba a faɗa. Ko Malama ba ta da ikon tambaya.”

Mai unguwa ya dubi yaran. Sannan ya ce a ƙirga su, a ƙirga takardun. Alhaji ne dai ya sake ƙirgawa, ya maimaita, lissafi ya zo daidai, ba ƙari ba ragi. Dattijon ya ce, “Alhaji, kai ka buɗe, kai ka ware, kai ka ƙirga. In akwai maguɗi, to a hannunka aka yi shi. Yarinyar nan a unguwar nan aka yanke mata cibi, 'ya'yanmu sun ce ita suke so. Maganar ofis kuma a bar ta.”

Alhaji ya kaɗe rigarsa ya fita ba sallama. Ƙara dai bai kai ba, na ci gaba da aikina, yarinyar ta yi monitanta har suka gama. Amma har Allah ya yi masa rasuwa, in na wuce ta ƙofar gidansa na gaishe shi, sai ya amsa a daƙile, ya ce wa na kusa da shi, “Malamar nan akwai wayo.”

Abin da na koya shi ne, mutanen da aka daɗe ana cuta ba a wanke musu zargi da rantsuwa ko da kuka. Sai dai ka ajiye akwatin a gabansu ka ce su buɗe da hannunsu, ko da sakamakon ba zai yi musu daɗi ba. Na kuma gane cewa darasin zama 'yan ƙasa ɗaya ba yara yake yi wa wuya ba. Su a darasi ɗaya suka ɗauka, suka tsaya a kai a gaban iyayensu. Mu manya ne har yau muke maimaita ajin.