Ba-Musu da Kajinsa Masu Sauraron Rediyo

Tun yana ƙarami ake kiransa Ba-Musu. In babarsa ta ce za a yi ruwa, sai ya ce lallai ga hadari nan. In babansa ya shigo ya ce yau rana za ta ƙwalle, sai ya ce ai tun ɗazu yake zufa. Da wannan hali ya girma, ya zama malamin kiwo a kwaleji, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, bai taɓa ce wa kowa a'a ba. Tela ya taɓa ɗinka masa riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya yi ta sa ta yana karkata kafaɗa don kada telan ya ji kunya.

Sai aka ɗauke shi karatun digirin dakta a wani shirin haɗin gwiwa na jami'o'i biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wata ƙasa. Malamai biyu ne za su duba aikinsa, kundi ɗaya zai rubuta, shaida ɗaya za a ba shi mai hatimi biyu. Duk wanda ya san shi sai da gabansa ya faɗi. Shi kuwa har rawa ya taka.

Bincikensa shi ne ko kaji sun fi yin ƙwai in an kunna musu rediyo. Ya gina akurki biyu a bayan gida, ya rataya wa kowanne rediyo. A na farko ƙwai ya ƙaru. A na biyu ya ragu.

Farfesan gida dattijo ne mai auna kundi da tafin hannu, kuma ya yi imani rediyo na ƙara ƙwai. "Ƙara babi, malam, wannan ai ƙasida ce!" Farfesar waje kuwa mace ce mai jan biro, ta ce rediyo hayaniya ce kawai. "Rage, rage, wa zai karanta duk wannan?"

Ba-Musu ya amsa wa kowa da ladabi. Ya rubuta wa dattijo kundi mai kauri a kan akurkin farko, ya rubuta wa Farfesar waje siriri a kan na biyu. Ƙarya dai bai yi ba, kowa ya ba shi kajin da yake so.

"Baban yara," in ji matarsa, "ranar da mutanen nan za su haɗu fa?"

"Haba, maman yara, ina za su haɗu? Sai an hau jirgi fa."

Ashe ba sai an hau ba. Ranar kare kundi aka shigo da babban allon talabijin, aka ajiye shi kusa da kujerar dattijo, sai ga Farfesar waje a ciki tana ɗaga hannu tana murmushi. Ba-Musu ya waiga ya dubi ƙofar fita. Matarsa na zaune a baya cikin sabon ɗinki, an kuma riga an ɗora tukunyar walima a gida.

Mai jarrabawa, wani tsoho mai tabarau a kan hanci, ya ajiye kundi biyu a gabansa, don kowace jami'a ta aiko masa da nata.

"Na karanta juzu'i na ɗaya, na karanta na biyu," ya ce. "Malam, rediyon nan ƙara ƙwai yake yi ko ragewa?"

"Ƙarawa!" in ji dattijo.

"Ragewa!" in ji talabijin.

Suka dubi juna. Sannan duka suka dubi Ba-Musu. Ya dubi dattijo ya gyaɗa kai, ya dubi allo ya gyaɗa kai, ya ga gyaɗa kai ba zai fisshe shi ba.

"Ranku ya daɗe," ya ce da siririyar murya, "akurki biyu ne."

"Ni ka ɓoye wa kaji?" dattijo ya miƙe, babbar rigarsa ta kwashe kofin shayi.

"Ni kuma ka aiko mini ragowa?" Farfesar waje ta matso har hancinta ya cika allo.

Mai jarrabawa ya yi dariya har ya share hawaye da gefen riga. Amma dariya ba ta sa ya sa hannu ba. Aka fitar da Ba-Musu waje, aka daɗe ana kai ruwa rana, sannan aka kira shi. Babu digiri bana. Zai haɗe kundin biyu su zama ɗaya, ya dawo baɗi. Kuma don kada a sake irin wannan, an ƙara masa malami na uku daga wata ƙasar, wanda zai raba gardama.

Baƙi dai sun ci abinci, tunda an riga an dafa. Wasu har suna ce masa Dakta, shi kuma ya kasa musa musu.

Bayan mako biyu sabon malamin ya kira shi a waya. Ya ce shi a ganinsa ba ruwan kaza da rediyo, hasken fitila ne ke sa ta ƙwai. Da yamma matar Ba-Musu ta fito kwashe shanya, ta same shi a bayan gida yana auna fili da ƙafa.

"Baban yara, me kake aunawa?"

"Ba komai."

"Wallahi ka kafa mini akurki na uku a wurin shanya, kai da kajinka a jami'a za ku kwana."