Wai don an buɗe mini kai

"Baba, zauna. Tunda aka buɗe maka kai, ba a karɓar shaidarka."

Ɗan ƙanena ne ya faɗa mini haka jiya a Kangire. Ana neman cinye wa marayun aminina gona, alhali a gabana aka kafa iyakar. Jijiya ce ta kumbura a ƙwaƙwalwata likitoci suka ɗaure, ba hankalina suka cire ba.

Malam Sale direba, abokin jinyata, wanda shi kaɗai ke leƙo ni, ya tuɓe hula ya nuna tabonsa.

"Ni ma an buɗe. Amma motata kuke shiga zuwa Gwaram."

Sai aka auna gonar daga inda na nuna.

Har yanzu raina a ɓace yake. Jama'a, ɗinki yana goge abin da ido ya gani?