Takardun Farfesa Abdulbaƙi

Hajiya Adawiyya ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma Allah ya haɗa ta da mijin da boko ya bi jikinsa. Ita 'yar malam ce daga Aujara. Shi kuwa Farfesa Abdulbaƙi injiniyan ruwa ne, ya koyar a jami'a a Kano har ya zama shugaban tsangayar injiniyoyi. Da aka ƙirƙiri Jigawa ya tattaro ya dawo Dutse, wai sai mutanensa sun sha ruwan famfo. Akwatunan takardunsa sun fi kayan ɗakinta yawa, shi ya sa take tsokanarsa: "Alhaji, in gobara ta tashi, ni za ka fara fitarwa ko su?" Sai ya yi dariya ya ce ai ita tana da ƙafa.

Mutumin yana da wata ɗabi'a: ba ya fara zane ko lissafi sai ya rubuta Bisimillah da Larabci a saman takardar. Duk tulin ilimin nan, wannan layin kaɗai take iya karantawa.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ciwon ajali ya kwantar da shi. Ya kama hannunta ya ce, "Hajiya, takardun nan amana ce. 'Yan jami'a za su zo su adana su don ɗalibai. Kada ki bari su wulaƙanta." Abokan aikinsa ma da suka zo ta'aziyya sun yi alkawarin dawowa. Ta gama takaba, ta kwashi akwatunan ta koma Aujara tana jira.

Shiru kake ji, kamar an aiki bawa garinsu. Ta aika saƙo Kano har ta gaji. Ɗakin ya fara yoyo, gara ta samu hanya. Wata safiya ta buɗe akwati ta tarar da kashin ɓera a kan Bisimillah, da rubutun hannunsa. Nan ta durƙusa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi.

Ta tafi wurin yayanta Malam Lado, mai makarantar allo. Ya ce, "Takarda mai sunan Allah in ta lalace ba a barinta cikin ƙazanta. A binne ta a wuri mai tsarki." Ta daɗe tana juya maganar, don ta san abin da za ta rasa. Daga ƙarshe ta naɗe su a farin ƙyalle, aka binne su a bayan rumbu.

Sai da damina ta zagayo ta sake zagayowa sannan mota ta tsaya a ƙofar gida. Dakta Muhyiddeen ne, tsohon ɗalibin Farfesa. Ya durƙusa ya gaishe ta, fuskarsa cike da murna.

"Mama, an buɗe ɗakin adana takardu da sunan Farfesa. Na zo ɗaukar su."

Ta kai shi bayan rumbu ta nuna masa ƙasa. Da ya gane, ya roƙi fartanya ya haƙa da kansa. Bai samu komai ba sai ruɓaɓɓen ƙyalle da baƙar ƙasa. Ya zauna daɓas a bakin ramin.

Ta ce, "Ɗana, cewa ya yi kada in bari su wulaƙanta. Iyakar abin da na iya karantawa shi na tsare."